Shekarun da Maigidana Ya Guji Barci

Sai da muka shekara huɗu da aure ciwon ya fara. Maigidana direban titan ne a lokacin, irin dogayen motocin nan da ke kwasar kaya daga Lome zuwa iyakar Burkina, su juyo da albasa ko masara. Ni kuwa waci nake sayarwa da safe, wato shinkafa da wake, a bakin hanya daf da gidan da muke haya a Zangon Sokode. Ciki da falo ne a wani babban gida mai rijiya ɗaya da iyali shida. 'Yarmu ɗaya, tana da shekara uku.

In ya dawo daga tafiya abu biyu yake nema, ruwan wanka da katifa. Ban taɓa ganin mai daɗin barci irinsa ba. Kansa na taɓa matashi ya tafi. Matan gida su daka sakwara a bakin tagarmu, yara su yi ta ihu, rediyon maƙwabcinmu ya yi ta surutu da yaren Kotokoli, shi ko motsi. Nakan ce masa wata rana za a sace shi da katifar gaba ɗaya, sai dai ya farka a Kara. Ya yi dariya ya ce, "In dai ba za su tashe ni ba, su kai ni."

Ranar farko ina tuna ta sarai. Farkon damina ne, mangwaro ya soma ƙarewa a kasuwa. Ya iso da hantsi, ya yi wanka, ya ci abinci, bayan azahar ya kwanta. Ina tsakar gida ina wanke tukwanen waci. Bai fi awa ɗaya da rabi da kwanciya ba na ji wani nishi daga ɗaki, irin wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Kafin in ɗauraye hannu ya fito ba riga, ya dafe idonsa na dama da tafin hannu. Ya je bakin rijiya ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Maigida, lafiya? Kunama ce?"

Da ya ɗage hannun na ga idon ya yi ja wur, fatarsa ta sauko, hawaye na zuba daga shi kaɗai, ɗayan kuwa ƙalau. Hancinsa na wannan ɓangaren ma yana yoyo. Na kawo kujera na ce ya zauna. Ya ture ta da ƙafa.

"Kada ki taɓa ni," ya ce. "Don Allah kada ki taɓa ni. Ji nake kamar ana soka mini ƙusa mai wuta ta cikin ido."

Ya janyo guga ya sheƙa wa kansa ruwa, ya ci gaba da kai-komo, matan gida suka fito suka tsaya cirko-cirko. Wajen minti arba'in aka yi haka. Sai abin ya sake shi lokaci guda. Ya zauna a bakin rijiya yana haki, ya dube mu duka, kunya ta kama shi. Ya ce wataƙila ranar hanya ce ta buge shi. Muka ce haka ne, rana ce.

Daren nan ciwon ya dawo, awa ɗaya da 'yan mintoci bayan ya kwanta. Washegari ma haka. Sati shida yana zuwa, wani lokaci sau ɗaya a yini, wani lokaci sau uku, kullum ta dama, kuma kusan kullum sai barci ya ɗauke shi. A hanya ma bai bar shi ba. Ya ce mini yakan ajiye mota a Mango ko Kante, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, barci na soma daɗi sai ya farka yana zagaya motar, sauran direbobi na kallonsa. Sannan wata rana ya ɗauke. Na soya masa, wato waina, na raba wa yaran unguwa sadaka, muka ce an rabu ke nan. Da ruwa ya ɗauke, wata biyar bayan nan, ya komo kamar bai taɓa tafiya ba.

Babu abin da ba mu yi ba. Matan gida suka ce ciwon da ya san agogo ba na Allah da Annabi ba ne, wataƙila ya kwana ƙarƙashin wata bishiya a hanya. Muka karɓo rubutu, ya sha ya shafa. Aka yi masa hayaƙi. Aka yi masa ƙaho a ƙeya. Wani ya ce haƙori ne, aka cire masa turmi guda na sama, lafiyayye, na gan shi da idona a cikin ɗan faranti. A farmasi muka saye duk ƙwayar ciwon kai da suke da ita, amma kafin ƙwaya ta narke a ciki ciwon ya gama abin da ya zo yi ya tafi. Kowane magani muka yi daf da ƙarshen sati shidan sai mu ce shi ne ya yi aiki, mu riƙa yaba shi ga mutane, har lokacin ya zagayo ya ƙaryata mu.

A shekara ta uku ne ya zo da tasa dabarar. Muna zaune bayan isha'i, ina tsince wake, ya ce, "Na lura da shi. Ba ya samuna sai na yi barci."

Na ce, "Haka ne."

"To, in ban yi ba fa?"

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Ba wasa ba ne. Ya fara cin goro, wanda a da ba ya ci sai a wurin ɗaurin aure. Ya ƙara taba. Ya sayi fulas yana cika shi da kafe, wato kofi, baƙi ƙirin. Ya bar katifa ya koma kujerar katako a falo, wai ko gyangyaɗi ya kama shi ba zai yi nisa ba. In na tashi ɗora waci kafin asuba nakan same shi zaune, ido buɗe, yana kallon bango. Wani lokaci dabarar takan yi kamar ta ci, ya kwana guda ba ciwo. Amma jiki ba ya yarda a cuce shi. Daren da barci ya kayar da shi, sai ciwon ya zo da fushi, sau biyu ko uku kafin gari ya waye. Shi kuwa sai ya ce, "Kin gani? Da ban yi barcin ba." Ya rame, idanunsa suka faɗa. Mutumin da ba ya faɗa ya soma tsawa a kan an ajiye buta ba daidai ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ɗan kasuwar albasa, kowa Alhaji yake ce masa. Mahaifin maigidana ya rasu tun yana ƙarami, Alhaji ne ya tsaya masa, shi ya nema masa koyon mota, shi ya karɓa masa aurena. In Alhaji yana da kaya ba ya yarda kowa ya ɗauka sai maigidana. A kakar shekarar nan maigidana ya ɗauko masa albasa daga iyaka, ya iso Sokode da magariba, aka shirya da safe Alhaji zai shiga su wuce Lome tare, don yana so ya ga masu sayen da kansa.

Lokacin ciwon ne, sati na shida. Na tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Ya ce kwana biyu, sai ɗan gyangyaɗi. Na ce to yau ka kwanta, ko zai zo ya zo, gobe hanya gare ka. Ya ce in ya kwanta zai zo masa sau uku, ya tashi a gajiye fiye da wanda bai kwanta ba. Ban ja da shi ba. Na gaji da ja. Ya kwana a kujera.

Da asuba ni na dafa kafen, ni na cika fulas, ni na ƙunsa masa goro biyar a ganye. Na zuba wa Alhaji waci a kwano mai murfi, da dafaffen ƙwai da soyayyen wagashi, cukun nan na nonon shanu. Alhaji ya karɓa yana murmushi ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka." Ya dubi maigidana ya ce, "Kai, idon nan naka fa?" Maigidana ya ce mura ce. Ina tsaye. Na san ba mura ba ce. Kalma ɗaya da na faɗa da Alhaji ya ce a bari sai gobe, don shi ba mai gaggawa ba ne. Na yi shiru, saboda mace ba ta tona mijinta gaban babba, kuma ina tsoron maganar ta kai kunnen mai motar.

Ban gama sayar da rabin tukunya ba wani ɗan zemijan, wato ɗan acaba, ya tsaya da babur ɗinsa a gabana ya ce in rufe in zo. Ashe su maigidana ba su yi nisa ba, kaɗan suka wuce garin Aouda. Hanya miƙaƙƙiya, rana ta fito, babu mota gaba babu baya. Barci ya ɗauke shi na ɗan ƙiftawar ido, motar ta sauka gefe ta kwanta ta ɓangaren da Alhaji yake. Da na isa, albasa ta watsu cikin gonar wani, mutanen ƙauye suna tattarawa suna tarawa gefe. An riga an wuce da Alhaji asibiti. Maigidana na zaune a kan wani buhu, ƙujewa kawai ya yi a goshi. Jandarma na tambayarsa ko birki ne, ko taya, kamar yana nuna masa ƙofar fita. Ya ce, "Barci na yi."

Ƙashin ƙugun Alhaji ne ya karye. Wata huɗu ya yi a kwance. Mai motar bai kai ƙara ba, ya dai aiko aka ce kada maigidana ya sake zuwa gareji, kuma labari ya riga ya bi tashoshi, babu mai ba da mota ga direban da ya ce da bakinsa barci ya yi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, kwana uku bayan haɗarin ciwon ya ɗauke. Lokacinsa ne ya cika. Ya kwanta bayan la'asar bai farka ba sai hantsin washegari. Da ya tashi ya ga rana, ya zauna bakin katifa ya rufe fuska. Ya ce, "Kwana uku kawai. Da an jira kwana uku."

Mun je gaida Alhaji da aka dawo da shi gida. Maigidana ya durƙusa bakin gado. Alhaji ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ɗana, tashi. Abin da aka rubuta ne. Na yafe maka duniya da lahira. Amma me ya hana ka gaya mini ba ka da lafiya?" Na sunkuyar da kai, ina jin kamar ni ake tambaya.

Da Alhaji ya zage shi, ina jin da ya fi masa sauƙi. Sai ya zama Alhaji na aiko mana da doya da shinkafa, don ya san babu aiki. Da ya fara tashi, yakan fito da sanda zuwa masallacin unguwa, ƙafa ɗaya ta gajarce, yana jan ta, tafiyar minti uku ta koma ta kwata. Dole ya wuce ta ƙofarmu. Sau biyar a yini maigidana yana jin ƙarar sandar nan a kan dakali. Ya sauya masallaci. Daga baya ya daina fita sai da duhu. Wata rana ya ce mini, "Ba zan iya zama garin nan ba."

Yayarsa tana Dapaong, tana sayar da hatsi a kasuwa, ita ta ce mu taho. Muka ɗaure katifa da tukwane a saman wata bas, ba mu yi wa kowa sallama ba sai matan gida. Ni ce na so in je in gaya wa Alhaji. Ya ce in na je, Alhaji zai hana mu, shi kuma ba zai iya ce masa a'a ba.

Dapaong ba ta karɓe mu da fara'a ba, ko kuwa mu ne ba mu je mata da ita ba. Ban iya Moba, yaren garin, ba, Hausar kasuwarsu ma ta sha bamban da tamu, suna ce mini 'yar Kotokoli. Na gwada waci, na tarar kowane lungu da mai wacinsa, na koma koko da ƙosai. Yaya ta samo wa maigidana aiki biyu ya zaɓa, awon hatsi a rumfarta, ko gadin wani sito na masara da dare. Ko tunani bai yi ba ya ce gadi.

Yaya ta ce, "Kai da ba ka da lafiya?"

Ya ce, "Yaya, ni da dare ba ma shiri. Gara in kwana a tsaye a biya ni."

A ransa yana ganin in ya bar wa ciwon dare, ya rabu da shi. Wata uku ya yi lafiya, har ya ɗan yi ƙiba. Da zafi ya kai maƙura, daf da saukar ruwa, ciwon ya same shi a inda ya koma. Yakan dawo da sassafe, ya karya, ya kwanta wajen ƙarfe tara ƙarƙashin kwanon da ke ƙuna kamar tanda. Sha ɗaya saura sai ya tashi da shi. Can gidan ba rijiya, ba wurin kai-komo sai ɗan siririn tsakar gida. A nan ya soma buga kansa da bango. Ya ce zafin bango ya fi masa sauƙi, yana ɗauke masa hankali daga na ciki. Na rataya tsohon bargo a wurin, ya cire.

'Yarmu ta kai shekara takwas, tana lekol, wato makaranta, suna tashi da tsakar rana. Na yi ta ƙoƙarin in riƙe ta a wurin ƙosai har abin ya wuce, amma wata rana ta riga ni gida. Na same ta tsaye a zaure da jakarta a baya, tana kallon ubanta yana gwara goshi da bango yana kiran sunan Allah. Ba ta yi kuka ba. Da yamma ina mata tsifa ta ce, "Inna, Baba zai mutu ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To mahaukaci ne? A lekol an ce mahaukaci ne." Na ja gashinta da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, na ce ta rufe mini baki. Tun daga ranar take cire takalmi a ƙofar gida ta shigo da sanɗa. Ta daina kawo ƙawaye. Ta koyi magana ƙasa-ƙasa, har yau da ta girma sai an ce ta ɗaga murya.

Yaya ce ta tilasta masa zuwa asibiti, bayan ta ga goshinsa a kumbure. Ya ce ya gaji da asibiti, fansidar da farasitamol za su ba shi. Ta ce, "Ni na goya ka. Tashi." Muka tafi mu uku. Muka dace da wata likita, 'yar kudu, ba ta jin Hausa, ni na riƙa fassara don na yi lekol har koleji. Maigidana ya ce ciwon kai ne, ya yi shiru yana jiran takarda. Ita kuwa ta ajiye biro ta soma tambaya.

"Gefe ɗaya ne kullum?"

"E."

"Idon yana ja, yana hawaye? Hanci yana toshewa?"

"E."

"In ya zo, kwanciya kake so ko tafiya?"

"Ba na iya zama ma."

"Yana tashinka daga barci, kusan lokaci ɗaya? Ya yi makonni ya tafi, ya dawo a irin lokacin a shekara?"

Ban gama fassara wannan ba ya ɗago kai ya zuba mata ido. Shekara biyar yana ba mutane labari suna masa kallon mai ƙari, yau ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba tana gaya masa abin da ke faruwa a ɗakinsa. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka, gaban Yaya, gaban baƙuwa. Likitar ta jira.

Ta ce ciwo ne sananne, ba aljani ba, ba haƙori ba, ba kuma wani abu ne ke tsiro a kansa ba. Ta ce a cikin kan mutum akwai wurin da ke riƙe da lokacin barci da na farkawa, kamar agogo, ciwon yana da alaƙa da wurin, shi ya sa yake bin barci yake kuma bin lokutan shekara. Sai na yi tambayar da ba maigidana ne ya sa ni ba. Na ce in mutum ya ƙi barci, ya sha kafe ya ci goro, ba zai tsere masa ba? Ta girgiza kai. Ta ce ƙin barci ba ya korar sa, hargitsa agogon kawai yake, abin ya ƙara muni, ga gajiyar da za ta iya kayar da mutum a ko'ina. Ta ce ya kwanta lokaci ɗaya ya tashi lokaci ɗaya, ya bar barcin rana in lokacin ciwon ya zo, ya bar taba, kuma ya bar aikin dare.

Maigidana ya ce, "Me ta ce?"

Na fassara masa duka, ban rage komai ba. Mu biyu mun san abin da muke tunani, Yaya ce kawai ba ta sani ba.

Likitar ta ce akwai ƙwayar da ke rage zuwansa, amma sai an auna zuciyarsa tukuna. Ta ce kuma iskar nan ta tulun ƙarfe da ake sa wa masu numfashi da ƙyar tana kashe ciwon in an shaƙa da wuri. Ranar awon zuciyar muka gani da idonmu. Daga gadi ya wuto, muna jiran layi a benci barci ya sace shi, na bar shi don tausayi. Ya farka da ciwon. Likitar na nan, ta sa aka kai shi wani ɗaki aka ɗora masa abin shaƙa a fuska. Ina kallon agogon bango. Kafin kwata ya cika kafaɗunsa suka sauka. Ya cire abin ya dube ni kamar wanda aka yi wa sihiri. Ya ce, "Ya tafi." Ya taɓa tulun da hannu, ya shafa shi.

Na zaci ranar farin ciki ce. A hanyar gida ya ce, "Ashe akwai maganinsa. Yana can, ni ina nan." Gidanmu na wancan ƙarshen gari. Sau biyu muka gwada. Kafin in sami zemijan, kafin ya iya zama a bayan babur yana murɗe-murɗe, kafin mu isa a nemo mai mabuɗi, ciwon ya ci rabinsa ko ya gama. Na biyun mun tarar ana amfani da tulun ga wani jariri, kuma babu mai hankalin da zai ce a cire wa jariri. Muka zauna a waje har ya sake shi, muka komo. Bai ƙara cewa a je ba.

Ya bar gadi ya koma awon hatsi a rumfar Yaya. Ya bar taba da ƙyar, goro ne ya gagara. Ƙwayar ta taimaka, sati shida ya koma uku ko huɗu, wata shekarar ma sau ɗaya ya zo. Wani lokaci a neme ta a rasa a duk garin, sai an aika Kara. Yana kwanciya bayan isha'i ya tashi da asuba, kamar yadda aka ce. Amma kwanciya daban, barci daban. Ko a watannin lafiya nakan ji shi yana juyi, ya ɗan tafi ya zabura, ya taɓa idonsa ya ji ko lafiya. Ya ce mini ba ciwon ne ya fi damunsa ba yanzu, jiransa ne.

Shekara tara muna Dapaong bai taka Sokode ba. Ni nakan je ganin mahaifiyata, in saci jiki in gaida Alhaji, in dawo ban faɗa ba. Kullum sai ya tambaye ni, "Yaya ɗana? Yana samun barci?" In ce yana samu. Ya ce in gaya masa ya zo. Sau ɗaya na isar da saƙon, maigidana ya tashi ya bar mini abincin.

Bara, bayan ƙaramar salla, aka bugo mana waya Alhaji ya rasu. Maigidana yana rumfa, mudu a hannunsa. Yaya ta ce ya tashi su kama mota, ko ba su sami jana'iza ba su sami zaman makoki. Ya ce ruwa ya kusa, lokacin ciwonsa ne, kada ya kama shi a gidan mutane. Gaskiya ne lokacin ya kusa, amma duk mun san ba shi ne dalilin ba. Ni da Yaya muka tafi.

A ranar uku matar Alhaji ta kira ni ɗaki. Ta ce kwana biyu kafin ya cika ya yi maganar maigidana, ya ce yana jin haushin kansa da ya ga idon yaron nan a ranar bai matsa da tambaya ba. Ya ce a gaya masa laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Nan na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa ina tsaye a wurin, na sani, na yi shiru. Ta dube ni ta ce, "Ya sani, 'yata. Ya ce ke ma yarinya ce a lokacin." Ta ba ni carbinsa ta ce in kai.

Na iso Dapaong da la'asar, hadari ya haɗu ta gabas. Na same shi yana kwashe buhuna daga bakin rumfa kada ruwa ya taɓa su. Na jira ya gama, na miƙa masa carbin, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya karɓa ya riƙe a tafin hannu, bai ja ko ɗaya ba.

"An sami jama'a?" ya ce.

"An samu. Har titi."

"Wa ya yi masa salla?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya sa carbin a aljihun gaba, ya ce in wuce gida kafin ruwa ya sauko, shi zai rufe rumfa ya biyo ni.